Karatun da hannu bai taɓa ba

  

Lakwal ta koma, don haka maganarmu ta wannan wata kan yara ce. A tarurrukan ƙungiyoyinmu, in an gama zubi an rufe akwati, da wuya a tashi ba a ji wata ta ce: "Ni fa ban ga abin da yarinyar nan take samowa a lakwal ba. Shekara biyar tana zuwa, ko takardar likita ba ta iya karanta mani." Daga wannan magana zuwa cire yarinya a ɗora mata faranti, ko a fara zancen aurenta, taki ɗaya ne. Shi ya sa bai kamata mu bar maganar ta wuce kamar hirar bakin rijiya ba.

Ku lura da wani abin mamaki da kowace uwa ta sani. Yarinyar da ke tallar ƙosai, a ba ta dala hamsin a sayi na dala goma sha bakwai, kafin mai saye ya rufe baki ta miƙa masa dala talatin da uku. Ba ta kuskure. Ita dai wannan yarinya, in mushe ya rubuta 250 a cire 85 bisa allo, sai ta tsaya tana cizon biki. Alhali lissafin guda ne: dala hamsin ita ce sefa 250, dala goma sha bakwai ita ce 85, dala talatin da uku kuma 165. Kanta ya iya, hannunta ya iya, amma ba wanda ya taɓa nuna mata cewa lissafin faranti da lissafin kaye abu ɗaya ne. Ilimi biyu ne cikin kai ɗaya, kowane na zaune ɗakinsa, ba su gaisawa.

Ba garinmu kaɗai ba ne. Binciken da ake kira PASEC, wanda ke auna karatun yaran firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2019 cewa cikin yara goma ƴan CM2 a Nijar, kamar uku ne suka kai matakin da ake so a karatu, a lissafi kuwa ba su kai uku ba. Dalilan mun san su. Yaro ya tashi da Hausa, ranar farko a tarbe shi da harshen da bai taɓa ji ba. Aji ɗaya ya cika maƙil, littafi ɗaya yara da yawa. A wurare da dama ajin ma rumfa ce, sai an girbe hatsi an samu kara ake kafa ta, watan Oktoba ya tafi a banza. Mushe ya rubuta, yara su kwafa, su rera, su koma gida. Abin da aka rera ba a taɓa shi da hannu ba, hutun damana na wata uku kan wanke shi tas.

Ba mu da ikon gina azuzuwa ko buga littattafai. Amma abin da ya ɓace tsakanin kaye da rayuwa, yana hannunmu. Yana cikin akwatin asusu, da rumbu, da garka, da gona, da turmin gyaɗa.

Abin da ke cikin tsarin lakwal tun tuni

Kada wata ta ɗauka sabon abu muka zo da shi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 tsarin karatun firamare na Nijar ya ƙunshi abin da malamai ke kira APP, wato ayyukan hannu masu amfani: garkar lakwal, kiwo, saƙa, ɗinki, dashen itatuwa da makamantansu. An yi niyyar yaro ya fita daga aji ya gwada abin da ya karanta. A 2004 kuma, da taimakon ƙasar Japan, aka fara wani shiri a jihar Tawa na ƙarfafa kwamitin kula da lakwal, COGES, inda mutanen gari ke zaɓen wakilansu, su zauna da malamai su tsara abin da za a yi a shekara. Shirin ya bazu ƙasa duka, daga baya sunan ya koma CGDES. Akwai kuma ƙungiyar iyaye mata ta lakwal, AME, wadda da yawa cikinmu sunanmu na cikinta, ko da ba mu taɓa zuwa taronta ba.

Ke nan ƙofa a buɗe take. Darakta ba zai ce doka ta hana ba, tunda tsarin da yake aiki da shi ne ya tanadi lokacin. Abin da ya rage shi ne wa zai cika lokacin da abu mai ma'ana. Mushen da aka turo daga birni, wataƙila bai taɓa yin huɗa ba, bai san yadda ake tatsar man gyaɗa ba, ba shi da iri, ba shi da guga. Mu muna da su.

Aikin da ke koyarwa da aikin da ke cin yaro

Akwai tsoron da ya kamata mu faɗa a fili. In aka ce "aikin hannu a lakwal", tsofaffinmu kan ɓata fuska, kuma suna da dalili. A zamanin Nasara, cikin shekarun 1930, lokacin da Jules Brévié, wanda ya taɓa mulkin Nijar, yake gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, an buɗe makarantun karkara inda yara ke shafe babban ɓangaren yini suna noma gonar lakwal. Iyaye suka ga aikin tilas ne aka sake wa riga, suka ƙi abin, bayan yaƙin duniya na biyu aka watsar da tsarin. Yau ma ba mu rasa jin labarin lakwal ɗin da lokacin APP ya koma shara da ɗibar ruwa da neman icce, ƴan mata na wanke-wanken gidan wani, maza na ƙwallo. In haka ne, gara yarinya ta zauna ta taya uwarta.

To yaya za mu bambanta? Mu dai ga ma'aunin da muke ba da shawara. Idan yaro ya dawo daga aikin, a yi masa tambaya uku. Me kuka je nema ku sani? Me kuka auna ko kuka ƙirga? Ina abin da ka rubuta? In yana da amsar ukun, karatu ya yi, ko da ya dawo da ƙasa har gwiwa. In ba shi da ko ɗaya, aiki aka ci da shi. Yarinyar da ta ɗebo ruwa bokiti goma ta zuba wa garka, ta yi aiki. Wadda aka ce ta zuba wa wannan fangali bokiti biyu, wancan bokiti huɗu, ta riƙa auna tsawon salati duk ranar Alhamis tana rubutawa, ita ta yi kimiyya da lissafi da rubutu a tashi ɗaya. Gajiyar iri ɗaya ce, abin da ya rage cikin kai ne ya bambanta.

Wannan ma'auni ya hau kanmu mu ma iyaye. Talla daga hantsi zuwa magariba ba darasin kasuwanci ba ne, ko da yarinya ta ƙware da canji.

Mu kanmu ta haka muka koya

In muna neman shaida cewa gani ya kori ji, ba sai mun je nesa ba. Tsarin Mata Masu Dubara da muke ciki a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE. Matan farko yawancinsu ba su iya rubutu ba. Da ka suke riƙe lissafi, kowace na tuna zubinta da bashin ta kusa da ita, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, a faɗa da ƙarfi. Ba wanda ya zaunar da su ya yi musu darasin banki wata shida. Mako-mako suka yi ta yi har suka gwanance, yau ga tsarin ya tsallaka ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

Haka sassaben zamani. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sassabewa a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya zuwa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, icce zai tashi ba tare da dashe ko ban-ruwa ba. Da farko dariya aka yi wa masu gwadawa, ana ce musu ƙazaman manoma. Abin da ya juya mutane shi ne ganin gonar maƙwabci: iska ba ta binne masa shuka, matarsa ba ta tafiya nesa neman icce. Ƙauyuka irin Ɗan Saga a yankin Agye suka yi suna a kai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fili kamar eka miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200.

Gonar makaranta da malaman gona ke yi da manya, ita ma haka take. A ƙasar Indonesiya aka faro ta a 1989: a raba fili biyu, nan a yi yadda aka saba, can a gwada sabuwar dubara, a riƙa zuwa kowane mako ana dubawa, ranar girbi a auna. In babba mai furfura sai ya gani da idonsa yake yarda, don me za mu ce yaro ɗan shekara goma ya haddace kawai?

Darussa shida da ke cikin gidajenmu

Na farko, akwatin asusu. A gayyato ƴan CM1 da CM2 kaɗan, kamar biyar ko shida, da kayensu, ranar da ba lakwal. A ba su aikin mai ƙirga: mata 30, kowace ta zuba dala ashirin, nawa ke nan a sefa? Su samo 3000, wato jika uku. In an yi mako 40 ba fashi? Jika 120. Wata ta ɗauki bashin jika goma, ƙa'idar ƙungiya ta ce a ɗora kashi 10 cikin ɗari, nawa za ta maido? Ranar rabo, yaya za a raba? Ninkawa da rabawa da kashi cikin ɗari duk sun fito, kuma kowane lissafi a yi shi sau biyu, da dala da sefa, har yaro ya gane cewa ninkawa da biyar ce gadar da ke tsakaninsu. Sharaɗi ɗaya mai ƙarfi: sirrin asusu ba ya fita. Yara su ga ƙirgar zubi kaɗai, a sallame su kafin a shiga zancen wa ta ci bashi, wa ta makara. Misalin bashi a yi shi da sunan da babu shi.

Na biyu, gwajin iri. Kafin damana, yaro ya ƙirga ƙwayar hatsi 100 daga irin da uban gida ya ajiye, ya jera su bisa tsumma ko buhun algarara mai laima, ya naɗe, ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kamar mako guda ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In 85 ne, ga kashi 85 cikin ɗari a tafin hannunsa, abin da mushe ya yi wata yana bayani. In rabi ne kawai suka fito, gidan ya tsira daga shuka irin banza, kuma yaron ne ya gano. A gwada da wake da gyaɗa, a kwatanta irin gida da na kasuwa.

Na uku, ƙwarin wake. Mun san buhun nan mai riɓi uku, PICS, wanda masu binciken jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, masana na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa, ya shigo ƙauyukanmu wajen 2008. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowane a ɗaure shi daban. Sirrinsa iska ce: ƙwaron da ke cikin wake yana numfashi kamar kowace halitta, in ya cinye ƴar iskar da ta rage ba wata ta shigo, sai ya daina ci da haihuwa, ya mutu. Yara na iya tabbatar da wannan da goran roba biyu. A cika ɗaya da wake har wuya a toshe gam, ɗayan a rufe bakinsa da ƙyalle kawai. A rubuta ranar. Bayan wata biyu a buɗe, a ɗebi ƙwaya 100 daga kowane, a ƙirga masu huji. Yarinyar da ta yi wannan da hannunta ba za ta manta da darasin numfashi ba, kuma in ta girma ba za ta riƙa buɗe buhu kullum tana ɗiba tana mamakin yadda ya lalace ba.

Na huɗu, itatuwan gona. Da igiya mai mita 10 yara za su auna fili mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, su san girman eka da ƙafarsu. Su ƙirga itatuwan da ke ciki, su rubuta sunan kowane da Hausa: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Su tambayi tsohuwa amfanin kowane, a abinci ko magani ko dabba. Sannan a ba su tambayar gawo: don me hatsin gindinsa ya fi na nesa? Su gano da kansu cewa shi gawo da damana yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa dabbobi su kwanta su bar kashi. Lokacin girbi a auna zangarniya goma ta gindin gawo da goma ta fili. Mu da muke kusa da Gulbin Kaba muna da ƙarin darasi: kabar da muke yanka don tabarma da igiya da faifai, ita ce ƴar goriba. In ana yanke ta kullum ba a bar wata ta tashi ba, daga ina goribar gobe za ta fito? A bar yara su zaɓi ƴan tushe su kewaye, su riƙa auna su shekara-shekara.

Na biyar, awon ruwan sama. Wannan na hutun damana ne, lokacin da karatu ke zubewa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da bango da icce. Bayan kowane ruwa yaro ya tsoma sandar awon da yake ja layi da ita, ya rubuta rana da milimita nawa, ya zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya bisa kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Malaman gona kan ce a jira ruwa kamar na milimita 20 kafin a yi shuka; yaro zai iya gaya wa babansa ko an kai. Ƙarshen damana ya tara jimilla, a kwatanta ta wannan ƙauye da ta wancan. Wata uku yana rubuta kwanan wata da lambobi, ya koma lakwal hannunsa bai yi sanyi ba.

Na shida, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yarinya ta zauna kusa da uwarta da kaye, ranar tatsa ɗaya kawai. Tiya nawa aka saya, a kan nawa? Nawa aka ba mai injin niƙa? Iccen nawa aka ƙona? Kwalba nawa ta fito, ƙuli na nawa? A cire wannan daga wancan. Da yawa cikinmu muna sana'a shekara da shekaru ba mu taɓa sa kuɗin icce da wahalarmu cikin lissafi ba. Ranar da ɗiyarki ta nuna miki a rubuce cewa ribar tana cikin ƙuli ne, ko cewa sayen gyaɗa da kaka ya fi saye da bazara da kaza, ranar za ki daina tambayar amfanin lakwal.

Abin da za a ce mana

Wata za ta ce: ni da ban yi boko ba, me zan koya wa ɗan lakwal? Yaya, ba a ce ki riƙe alli ba. Ke kin san yadda ake gane wake ya bushe da haƙori, kin san tiya 40 ke cika babban buhun hatsi, kin san wace kaba ce ta isa yanka. Ke ki nuna, mushe ko wata ƴar yaƙi da jahilci ta taimaka da rubutun. Maƙeri da masaƙi da mai ginin tukwane ba su taɓa koyar da kowa da allo ba, kuma sana'arsu ba ta mutu ba. Abin da muke ƙarawa kawai shi ne awo da rubutu.

Wata za ta ce lokaci. Gaskiya ne, hannun yarinya na da amfani a gida. Amma awa biyu a mako muke magana, ranar da ba aji, kuma yawancin darussan nan cikin aikin da dama za a yi suke. Ba za mu yarda a ciro yaro daga darasin karatu ko lissafi don garka ba. Wannan ƙari ne bisa aji.

Kuɗi fa? Igiya, goran roba, gwangwani, tsumma, duk akwai su. Abin saye shi ne kaye da biki, wataƙila da ɗan irin garka. Ƙungiyar da ta ga dama tana iya cire wani abu kaɗan daga kuɗin tara ko na taimako, bayan an tattauna kowa ta yarda, a rubuta. In garkar lakwal ta ba da abin sayarwa, kuɗin su shiga hannun CGDES a faɗi adadinsu gaban yara, su ma su rubuta. In an ɓoye lissafin abin da yara suka noma, darasin da za su ɗauka shi ne na ɓoyewa.

Sai zancen maza da mata. Kada a ce maza su riƙe igiyar awo, mata su ɗebo ruwa. Kowa ya auna, kowa ya rubuta, kowa ya ɗauki bokiti. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kare karatun ɗiya mace, a tallafa mata har ta kai shekara 16. Doka na takarda, amma uwa ce ke yanke shawara da asuba ko yarinya za ta ɗauki jaka ko faranti, kuma uwa ba ta sakin hannun da ke taimakonta sai ta ga abin da ake samowa.

A kiyaye lafiyarsu kuma. Yara ba su taɓa maganin feshi ko ƙwayar da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari. Ƙanana ba su ja ruwa a rijiya mai zurfi. In za a fita gona, uwaye biyu su raka, a tafi da sanyin safiya, a dawo kafin rana ta take. Ba a kai yara gonar wani mutum, ko wane ne shi, da sunan darasi.

Kafin taro mai zuwa

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya. A taron wannan mako, bayan zubi, a karanta wannan shafi da ƙarfi don waɗanda ba su karatu. A zaɓi mata biyu, zai fi kyau waɗanda ke cikin AME, su je su gaida darakta. A je da ladabi, ba da ƙorafi ba. Malaman nan da yawansu ƴan kwantaragi ne, nesa da iyalinsu, da aji cike da yara, kuma wanda aka zo wa da taimako ya fi saurin buɗe ƙofa. A tambaye shi wace rana ce ta APP, me ake yi a cikinta, a gaya masa abin da ƙungiya za ta iya. A nemi a sa shi cikin tsarin aikin shekara na CGDES, don kada ya tafi in an canza malami.

Kada a ɗauki shidan gaba ɗaya. Yanzu wake na shigowa, a fara da goran roba biyu. Da sanyi a yi na asusu da na gyaɗa, da bazara gwajin iri, da damana gwangwanin ruwa, da kaka a koma gindin gawo. Kowane yaro ya samu kaye ɗaya na wannan aiki kaɗai. Ranar rabon asusu, da muke ɗaura sabon zane mu yi girki, a ba yara rabin awa su tsaya gaban iyayensu maza da mai gari su faɗi abin da suka auna da abin da suka samu, da Hausa, daga kayensu.

Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labari ta hannun shugabarta: yara nawa, wane darasi, wake nawa ne ya huje cikin ɗari a kowane gora. Za mu buga sakamakon ƙauye-ƙauye a wannan shafi, mu ga ko na Sarkin Hausa zai yi daidai da na ƴan uwanmu na wajen Mayahi da Tasawa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a zubinmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.